Darasi na 14: Gina Rubutun Asembili Ɗaya a Linux, macOS da Windows

A darasin da ya gabata mun rubuta ɗan fankishan da harshen asembili, wanda yake karɓar lambobi biyu ya tara su ya mayar da amsa. Mun gina shi a kan Linux da asembular NASM, muka kira shi daga harshen C, ya kuma ba mu amsa daidai. Ga shi nan don tuni:

```
global tara
section .text
tara:
    mov rax, rdi
    add rax, rsi
    ret
```

Yau za mu ɗauki wannan fayil ɗin mu kai shi macOS da Windows. Ku ƙaddara kwamfutocin uku firosesarsu iri ɗaya ce, ta Intel ko ta AMD, mai bin tsarin x86-64 wanda kamfanin AMD ya kawo kasuwa a 2003. Umarnin `add` aikinsa ɗaya ne a cikinsu duka, rajistocin ma sunansu ɗaya, girmansu ɗaya. Duk da haka a Mac ginin zai tsaya a hanya, a Windows kuwa zai kammalu lami lafiya, sannan ya ba ku amsar da ba ta da kai ba ta da gindi.

Wanda ya taɓa tafiya daga Katsina zuwa Maraɗi da cajar waya ya san irin wannan. Wutar ɗaya ce, amma soket ɗin Nijeriya mai rami uku ne masu kusurwa, na Nijar kuma mai ramuka zagayayyu. Firosesa ita ce wutar. Abin da ya bambanta shi ne ƙa'idojin da kowace babbar manhaja da kayan gininta suka shimfiɗa: yadda ake shirya fayil, yadda ake rubuta suna, da yadda fankishan yake miƙa wa ɗan'uwansa lambobi. Mai rubuta C ba ya ganin waɗannan ƙa'idoji domin kwamfaila tana ɗauke masa nauyinsu. Mai rubuta asembili shi zai ɗauka da kansa.

Salon rubutu

Wannan shi ne bambancin da ido yake fara gani, kuma shi ne mafi sauƙi. Salo biyu ne. NASM, wadda Simon Tatham da Julian Hall suka fara a 1996, da MASM ta Microsoft, suna bin salon Intel: inda za a ajiye abu shi ke zuwa farko, `mov rax, rdi`. Asembular GNU, wadda ake kira gas, tana bin salon AT&T: inda aka ɗauko abu shi ke zuwa farko, kuma rajista tana ɗaukar alamar %, `movq %rdi, %rax`. Umarni ɗaya ne, bayit ɗin da NASM da gas suke fitarwa ma ɗaya ne. Ana iya sa gas ta karɓi salon Intel da layin `.intel_syntax noprefix`. Sai dai ku sani NASM da MASM ma, duk da salonsu ɗaya, sun saɓa wajen makro da wajen ambaton adireshin memori, don haka fayil ɗin ɗaya ba ya shiga ɗayar sai an gyara.

Shawarata a wannan mataki ita ce ku tsaya a kan NASM. Tana nan a manhajojin uku, harshenta kuma ba ya canzawa daga wannan zuwa waccan.

Siffar fayil da harafin da ya ɓace

Asembula ba ta fitar da shirin da za a kunna kai tsaye. Tana fitar da fayil na tsaka-tsaki, sannan linka ta haɗa shi da sauran fayiloli da laburare. Kowace babbar manhaja da siffar da take so. Linux da dangin BSD suna amfani da ELF. macOS tana amfani da Mach-O, wanda ta gada daga NeXTSTEP. Windows tana amfani da COFF da PE. A NASM zaɓi ɗaya ne yake sauya wannan:

```
nasm -f elf64   tara.asm -o tara.o
nasm -f macho64 tara.asm -o tara.o
nasm -f win64   tara.asm -o tara.obj
```

Ku gwada na biyu a Mac, ku haɗa da fayil ɗin C. Linka za ta ce ba ta ga wani abu mai suna `_tara` ba. Ku lura da ɗan layin da ke gaban sunan. A macOS kwamfaila tana ƙara shi a gaban duk sunan da ya fito daga C. Tsohuwar al'ada ce ta Unix wadda ELF ya bari, Mach-O bai bari ba. Windows mai bit 32 ma tana ƙara shi, amma mai bit 64 ba ta ƙarawa. Gyaran ba wuya: ko ku ba NASM zaɓin `--prefix _` idan ana gini don Mac, ko ku sauya sunan da makro kamar yadda za mu gani a gaba.

Irin wannan kuskure alheri ne. Linka ta tsaya, ta faɗi abin da ta rasa, ta faɗi sunansa. Cikin minti biyu an wuce wurin.

Ƙa'idar kira, inda haɗarin yake

Yanzu ku gina don Windows. Ba wani ƙorafi. Ku kira `tara(2, 3)`. Maimakon 5, sai wata lamba ta fito wadda ba ku san inda ta samo asali ba, mai yiwuwa kuma ta canza idan kuka sake kunnawa.

Dalili shi ne Linux da macOS da BSD suna bin ƙa'idar kira ta System V, Windows kuma tana da tata. A System V ƙimomi shida na farko suna zuwa ne a cikin `rdi`, `rsi`, `rdx`, `rcx`, `r8`, `r9`, bi da bi. A Windows huɗu ne kawai suke zuwa a rajista: `rcx`, `rdx`, `r8`, `r9`, daga ta biyar sai a kan sitak. To fankishan ɗinmu ya duba `rdi` da `rsi`, alhali 2 da 3 suna zaune a `rcx` da `rdx`. Ya tara duk tarkacen da ya tarar a wurin, ya mayar. Ba asembula ba linka da za ta iya gano wannan, domin kowane umarni halal ne a wurin firosesa.

Ku riƙe wani abu a nan. Ƙa'idar kira tana bin babbar manhaja ne, ba kwamfaila ba. GCC ɗin da ke cikin MinGW-w64 yana bin ƙa'idar Windows, duk da GCC ne. Linux ɗin da ke gudana cikin WSL a kan kwamfutar Windows kuwa System V yake bi.

Amsar banza a kiran farko ma da sauƙi, don za a gan ta nan take. Wanda ya fi cizo shi ne batun rajistocin amana. A kowace ƙa'ida akwai rajistocin da fankishan yake da ikon ɓatawa, akwai kuma waɗanda dole ya mayar da su yadda ya same su kafin ya koma. A System V na amana su ne `rbx`, `rbp` da `r12` zuwa `r15`. Windows ta ƙara `rdi` da `rsi` a kansu, ta kuma ƙara `xmm6` zuwa `xmm15`, waɗanda a Linux babu ko ɗaya da ake tsarewa. Ku ɗauka kun gyara wurin karɓar ƙimomi, amma a tsakiyar aiki kuka yi amfani da `rsi` ko `xmm7` kamar yadda kuka saba a Linux. Fankishan ɗinku zai ba da amsa daidai. Gwajinku zai wuce. Amma wanda ya kira shi ya ajiye wani abu nasa a `rsi` yana sa ran tarar da shi, ya dawo ya tarar da wani abu dabam. Shirin zai faɗi a wani wuri can nesa, cikin rubutun C wanda ba shi da laifi, wataƙila sai an kunna ingantawar kwamfaila, wataƙila sai a kwamfutar mai saye. Mutum na iya kwana da kwanaki yana bincike a inda ɓarnar ta bayyana, ba inda aka yi ta ba. A ganina wannan shi ne abu mafi muhimmanci a duk darasin: kammaluwar gini ba ta nuna cewa rubutun asembili ya bi ƙa'ida.

Sitak ma da nasa. Duk ƙa'idojin biyu suna buƙatar `rsp` ya kasance ninkin 16 daidai lokacin da za a yi `call`. Tunda `call` yana tura adireshin komowa mai bayit 8, fankishan yana farawa ne da sitak a karkace da 8, kuma sai ya daidaita shi kafin ya kira wani. Wanda ya manta zai ga `printf` ta faɗi a kan umarni irin su `movaps`, wanda ba ya yarda da adireshin da bai daidaita ba. Bayan wannan, Windows tana buƙatar mai kira ya ware bayit 32 a kan sitak don amfanin wanda aka kira, ko da ƙima ɗaya ce aka miƙa. Shi ya sa za ku yawaita ganin `sub rsp, 40` a rubutun Windows: 32 na wannan fili, 8 na daidaitawa. Shi ya sa kuma ƙima ta biyar take a `rsp+40` lokacin shiga fankishan. System V ba ta da wannan fili, amma ta ba fankishan damar amfani da bayit 128 da ke ƙasa da `rsp` ba tare da ya ware su ba. Wannan dama babu ita a Windows. Abin da kuka ajiye a can ba wanda ya yi alkawarin tsare muku shi.

Ƙaramin tarko na ƙarshe a wannan sashe yana ɓangaren C. Nau'in `long` bayit 8 ne a Linux da macOS masu bit 64, amma bayit 4 ne a Windows. Duk fankishan da zai haɗu da asembili, ku bayyana shi da `int64_t` ko `int32_t`.

Kada ku kira zuciyar manhaja kai tsaye

Littattafan koyo da yawa suna fara asembili da umarnin `syscall`. Kowane aikin da ake nema da shi yana da lambarsa. A Linux mai x86-64 lambar rubutu 1 ce, ta fita 60. A macOS su ne 0x2000004 da 0x2000001, kuma Apple ba ta yi alkawarin barinsu yadda suke ba. A Windows lambobin suna canzawa daga fitowa zuwa fitowa. Idan ana son rubutu ya yi tafiya, a bar buɗe fayil da bugawa a allo da neman memori a hannun C, a bar wa asembili lissafi zalla.

Abubuwan da linkar zamani take nema

Yawancin rabe-raben Linux na yau suna gina shiri ne ta yadda za a iya loda shi a kowane adireshi, saboda tsaro. Idan kuka ambaci wani tebur da cikakken adireshi mai bit 32, linka za ta ƙi, ta ambaci `R_X86_64_32`. macOS mai bit 64 ma ba ta karɓar irin wannan adireshi. Maganin shi ne a auna adireshi daga inda umarnin yake: ku sa `default rel` a saman fayil ɗin NASM, ku ɗauko adireshi da `lea`. Wannan yana aiki a manhajojin uku. Kiran fankishan na laburare a ELF kuma ana rubuta shi `call printf wrt ..plt`, rubutun da Mach-O da COFF ba su san shi ba.

Akwai kuma sashen `.note.GNU-stack`. Idan fayil ɗin ELF bai zo da shi ba, linka tana ɗauka cewa shirin yana buƙatar sitak ɗin da ake iya gudanar da umarni a kansa, sai ta buɗe wannan ƙofa ga shirin gaba ɗaya saboda fayil guda. Shekaru da yawa ana yin haka shiru. Daga binutils 2.39 na 2022 ne linkar GNU ta fara gargaɗi. Kada ku share gargaɗin, raunin tsaro ne na gaske. Haka nan ku raba tebura da umarni: OpenBSD 7.3 ta 2023 ta fara hana karanta sashen umarni a matsayin bayanai, abin da ya tilasta wa manhajoji da dama kwashe teburansu daga `.text` zuwa `.rodata`.

Masu aiki da gas suna da ƙarin nasu. `.type` da `.size` na ELF ne, asembular Mac za ta ƙi su. Laƙabin cikin gida yana farawa da `.L` a ELF, da `L` a Mach-O. Mafi ban tsoro shi ne `.align`: a x86 mai ELF `.align 4` na nufin bayit 4, a Mach-O da ARM kuwa yana nufin 2 sau huɗu a ninke, wato 16. Ku yi amfani da `.balign` ko `.p2align`, waɗanda ma'anarsu ba ta sauyawa. Fayil mai ƙarewa da babban `.S` yana bi ta matatar C tukuna, don haka `#ifdef __APPLE__` zai yi aiki a cikinsa. A Linux mai ƙaramin `.s` ba ya bi. A Mac ko kun rubuta `gcc`, Clang ce take amsawa. Kwamfailar Microsoft kuma ba ta karɓar asembili a cusa cikin C idan ana gini don bit 64; sai dai fayil dabam, ta hanyar ml64 ko NASM.

Tara bambancin a wuri ɗaya

Mai koyo yakan so ya yi kwafe uku na fayil, kowace manhaja da nata. Kada ku yi. Ran da aka gyara kuskure a ɗaya aka manta biyu, an shiga uku. Hanyar da ta fi ita ce a yi ƙaramin fayil guda wanda shi kaɗai ya san sunan manhajoji. Mu kira shi `dandali.inc`:

```
default rel

%ifidn __OUTPUT_FORMAT__, win64
    %define ta_daya rcx
    %define ta_biyu rdx
%else
    %define ta_daya rdi
    %define ta_biyu rsi
%endif

%ifidn __OUTPUT_FORMAT__, macho64
    %define tara _tara
%endif

%ifidn __OUTPUT_FORMAT__, elf64
section .note.GNU-stack noalloc noexec nowrite progbits
%endif
```

Sai fayil ɗin aikin ya koma haka:

```
%include "dandali.inc"
global tara
section .text
tara:
    mov rax, ta_daya
    add rax, ta_biyu
    ret
```

Yanzu zai ginu a wurare uku ya ba da 5. Amma makro yana ɓoye abu, kuma abin da aka ɓoye yana iya sara. Umarnin `shl` mai adadin da ba tsayayye ba yana karɓar adadin ne a `cl`, wanda yanki ne na `rcx`. A Linux kuna iya zuba adadi a `cl` ba abin da zai sami `ta_daya`. A Windows `ta_daya` ita ce `rcx` ɗin kanta, kun shafe ta ke nan. Duk lokacin da kuka ambaci rajista da ainihin sunanta a fayil mai makro, ku tambayi kanku wace ce ita a ɗaya ƙa'idar.

Wannan dabara ba ta aji kaɗai ba ce. Masu manhajar x264 ta matse bidiyo sun rubuta fayil mai suna `x86inc.asm`, wanda FFmpeg da dav1d suka ɗauka. A cikinsa marubuci yana buɗe fankishan da `cglobal`, ya faɗi yawan ƙimomin da yake karɓa da yawan rajistocin da zai taɓa, sannan ya yi aiki da sunaye `r0`, `r1`, `r2`. Makron ne yake sanin wace rajista ce `r0` a kowace manhaja, shi yake ajiye na amana, har da `xmm6` zuwa sama a Windows, ya mayar da su a ƙarshe. dav1d, wanda VideoLAN ta fara a 2018 don buɗe bidiyon AV1, mafi yawan rubutunsa asembili ne na hannu, kuma Firefox da Chrome suna amfani da shi. OpenSSL ta bi wata hanyar: ana rubuta asembilin a cikin shirin Perl, shi kuma ya fitar da rubutun da ya dace da gas ko NASM ko MASM lokacin gini.

Abin da na fi so ku koya daga waɗannan ayyuka shi ne gwajinsu. Kowane fankishan na asembili yana da tagwaye a C mai yin aiki ɗaya. A x264 da FFmpeg da dav1d, wani shiri mai suna checkasm yana ba su bayanai iri ɗaya ya kwatanta amsa. Kafin kira kuma yana cika rajistocin amana da lambobin da ya sani, bayan kira ya duba ko suna nan. Ta haka kuskuren da zai ɓoye wata da watanni yake fitowa a ranar da aka rubuta shi. Tagwayen C yana da wani amfanin: idan aka kai manhajar firosesar da ba a rubuta mata asembili ba, shi zai riƙe aikin.

Wannan ya zama dole tun 2020, lokacin da Apple ta fara sayar da Mac mai firosesar M1 ta dangin ARM. A can ba makron da zai ceci rubutun x86-64. Harshen ne gaba ɗaya dabam. ARM mai bit 64 ma bai tsira daga irin bambancin da muka gani ba: Apple da Windows sun keɓe rajistar `x18` ba a taɓa ta, kuma ɗauko adireshi ana rubuta shi da `:lo12:` a ELF, da `@PAGE` da `@PAGEOFF` a Mach-O.

Aikin gida

Ba sai kuna da kwamfuta uku ba. Mai Linux ya girka MinGW-w64 da Wine, ya gina da `x86_64-w64-mingw32-gcc`, ya kunna da Wine. Mai Windows ya girka WSL ya sami Linux a ciki. Mai sabuwar Mac ya haɗa da `clang -arch x86_64`, Rosetta 2 za ta kunna shirin. Akwai ma hanya mafi arha: a GCC ko Clang na Linux, idan kuka bayyana fankishan da `__attribute__((ms_abi))`, kwamfaila za ta kira shi da ƙa'idar Windows.

Ku faɗaɗa `dandali.inc` ya ɗauki ƙimomi huɗu, ku rubuta fankishan mai tara su. Sannan ku ƙara ta biyar, ku ga inda za ku ɗauko ta a kowace ƙa'ida. Bayan nan ku rubuta fankishan mai ɓata `rsi` da gangan, ku kira shi da ƙa'idar Windows daga cikin madaukin C mai zagayawa sau dubu, ku gina sau ɗaya da `-O0`, sau ɗaya da `-O2`, ku rubuta abin da kuka gani a kowanne. Idan duka biyun suka ba da amsa daidai, kada ku ce lafiya lau; ku buɗe abin da kwamfaila ta fitar da `objdump -d`, ku duba ko ta ajiye wani abu a `rsi` a wannan karon. Ku zo da fitowar a rubuce ranar darasi na gaba, da ita za mu fara.